Wanda Ya Sha Madarar Alhamis

Wallahi na san ba za ku yarda ba. Ko Alƙur'ani na dafa, sai an sami wanda zai taɓe baki ya ce wannan irin labarin bakin tasha ne. To, ya taɓe. Mutumin da abin ya auka wa yana nan da ransa a Birnin Kudu, kuma kafin ranar ya fi kowa a cikinku iya taɓe baki.

Barau sunansa. Lokacin nan ne da kuɗin fetur ya fara zuba, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin da ya sa kowane akawu ya koma tafiya yana ɗaga kafaɗa. Gwamnati ta gina gidaje ashirin da huɗu a bayan gari, gefen hanyar da ta nufi Gwaram, aka ce Sabon Kwatas. Bulo da kwano, duk fenti ɗaya ruwan ƙwai, taga iri ɗaya, ƙofa iri ɗaya, layi huɗu reras. Ba ka bambanta wannan da wancan sai da ɗan farantin lamba da aka kafa a goshin kowanne. An kafa turakun lantarki, ba a kai ga jan waya ba. Arewa da gidajen duwatsu ne, masu kogon nan da ke da tsohon zanen shanu wanda ba a san mai yinsa ba. Kudu kuma fadama ce da rafi.

Su wa aka zuba a ciki? Malamin gona, malamin asibiti, akawun kotu, malaman makaranta. Mutanen da shekaranjiya a zaure suke kwana kan tabarmar kaba, yau in ka yi sallama sai ka ji an ce ka shigo falo. Kowa ya sayi rediyo, kowa ya ƙure murya don maƙwabci ya san ya saya. Matansu sun shuka fulawa a ƙofar gida, abin da ba a miya da shi.

Barau ya raina su tun daga gida na ɗaya har na ashirin da huɗu, har da yayansa Abdulsalami malamin gona, wanda a ɗakin bayan gidansa, lamba tara, yake kwana yana cin tuwon matarsa Turai. Barau shekararsa ashirin da biyu. A aji uku ya bar sakandare. In ka tambaye shi, cewa zai yi karatun malaman ne ya ƙare, ba su da sauran abin koya masa. In ka tambayi malaman, labarin kunamar da aka samu a aljihun teburin shugaban makaranta za su ba ka. Tun da ya dawo ba shi da sana'a sai shirya wa mutane tsiya. Shi ne ya saka kwaɗo a butar liman. Shi ya ɗinke ƙafar wandon malamin asibiti a kan igiyar shanya. Ranar Talatar makon da nake ba ku labari ma, da rana tsaka, maza na ofis mata na barci, ya bi layi da sukundireba ya cire farantan lambobin gidaje ya dagula su. Na bakwai ya koma sha tara, na tara ya koma can ƙarshen layi, don kawai ya ga masinja yana yawo da wasiƙa kamar ɓatacciyar tunkiya. Ba wanda ya gyara tasa. Kowa na jiran a rubuta takarda gwamnati ta aiko mai gyara.

Amma abin da ya fi ba shi dariya a unguwar wani fili ne. Tsakanin layi na biyu da na uku aka bar shi, faɗinsa ya kai gida biyu, ya miƙe tun daga gindin dutse har bakin rafi. Ba gini, ba shuka. An ce sau uku ɗan kwangila yana haƙa tushe a wurin, sau uku ana wayar gari Juma'a a tarar an tattake ramin ya cike. Sai wata tsohuwar Bafillatana daga rugar bayan dutse, Inna Hapsatu, ta zo ta ce masa burtali ne. Akwai masu shanun da ke saukowa shan ruwa kowace Alhamis da almuru, tun kafin a san za a yi garin. Ba a tare musu hanya. Kuma sai an yi musu jagora. Mutum zai shiga gaba da ƙwaryar madara sabuwar tatsa, yana ɗigawa a ƙasa, in ya kai rafi ya juye ragowar a kan wani falalen dutse da ke mashaya. Madarar suke bi. Inda ta bi, nan za su bi.

Ita tsohuwar ke yin aikin, shekara da shekaru. Su kuwa masu boko da rediyo, da zarar la'asar ta yi sakaliya ranar Alhamis sai ka ji ana rufe tagogi ƙaf, ƙaf, ƙaf. Liman ya yi wa'azi a kai, ya ce zubar da madara almubazzaranci ne kuma hanyar shirka, gaskiya kuwa ya faɗa. Sai dai ranar Alhamis da gajerun surori yake jan magariba, kafin ka shafa addu'a ya shige gida.

"Ku dube su don Allah," Barau kan ce. "An ba su gidan siminti har da famfo, suna tsoron saniyar da ba wanda ya taɓa taka kashinta."

Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne Malam Ɗanladi akawun kotu, mutumin Farin Dutse ta ƙasar Gwaram, wanda gidansa ke bakin filin nan. Ya sayi babur, Besfa sabuwa, shuɗiya, kullum da safe yana goge ta da tsumma kamar mai yi wa jariri wanka. Wata rana a gindin darbejiya, cikin mutane, Barau ya gyara masa wata magana da ya yi a kan labaran rediyo. Ɗanladi ya dube shi sama da ƙasa.

"Allah ya ja zamanin shehin malami na aji uku," ya ce. "In ka gama koyar da mu, ga Besfa can ta yi ƙura. Ka goge ta, zan sa maka albarka."

Aka yi dariya. Barau ma ya yi, ya ajiye abin a ransa.

To sai hanya ta buɗe masa. Sada direban babbar mota, mai jigilar kaya zuwa Ikko, ya ce ana neman masu jin Turanci a tashar jirgin ruwa, jiragen siminti sun yi layi a teku. Ya yi masa alkawarin wuri a gaban mota ranar Juma'a da hantsi. Barau ya ɗinka wando mai faɗin ƙafa, ya sayi akwatin kwano, ya bi majalisa-majalisa yana cewa shi da wannan ƙauye mai fenti sai dai a wasiƙa. Tafiyar nan ita ce kaɗai abin da ya mallaka a duniya. Da ya rage kwana ɗaya, sai ya ga bai kamata ya tafi bai bar wa Ɗanladi abin tunawa ba.

Ƙarshen damina ne, an yi ruwa ranar Laraba, ƙasa ta yi laushi. Da safiyar Alhamis ya je mahauta ya samo ƙafar bijimi guda biyu. Ya ari tsohon tulun Turai, don in ka sa baki a tulu ka yi gunji, har mahauci sai ya waiga. Ya ɓoye su a bayan kicin ɗin Ɗanladi. Da la'asar sakaliya ya nufi gindin dutse.

Inna Hapsatu na zaune a kan wani ɗan dutse, ta miƙe ƙafa tana matsa gwiwa. Ƙwaryar na gefenta an rufe da faifai.

"Sannu, Inna. Ƙafar ce?"

"Ita ce, ɗana."

"Ai bai kamata babba kamarki tana wannan wahala ba alhali ga mu. Kawo in kai miki yau."

Ta ɗago ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa.

"Kai ne ƙanin malamin gona. Mai kwaɗo a buta."

"Sharrin mutane ne, Inna."

"Da bakinka ka ce in ba ka?"

"Da bakina."

"Ban roƙe ka ba."

"Ba ki roƙe ni ba."

Ta ɗauki ƙwaryar ta miƙa masa da hannu biyu. "Taki ɗaya, ɗigo ɗaya. Kada ka kauce daga fili. Abin da ya rage na falalen dutse ne, dukansa. Ko yatsa kada ka tsoma ka lasa. In ka yi yadda na faɗa, ba ruwanka da su, ba ruwansu da kai."

"An gama, Inna," ya ce, yana cije leɓe don kada dariya ta ƙwace masa.

Ya kama hanya ana kiran magariba. Taki ɗaya, ɗigo ɗaya, har ya shiga tsakanin gidaje. Tagogi duk a rufe, hasken fitilar ƙwai na leƙowa ta ƙarƙashin ƙofofi. Da ya zo daidai gidan Ɗanladi sai ya karya kwana ya bar filin. Ya ja layin madara ta cikin fulawar matar gidan, ya kewaye Besfa sau biyu inda aka jingine ta a baranda, ya ɗiga a bakin ƙofa, ya ɗiga a ƙarƙashin tagar ɗakin kwana. Ya ɗauko ƙafafun bijimin nan ya bi yana danna sawu a laka, nan da can, kamar garke ya yi dandazo. Aikin ya yi kyau har shi kansa ya tsaya ya yaba.

Ya duba ƙwarya. Rabi ya rage.

Tun safe bai ci komai ba saboda zumuɗi. Madarar da sauran ɗuminta, ƙamshinta na tashi, ga kumfa a gefe. A kai wannan a juye wa dutse, ga ɗan Adam da yunwa? Ya kafa kai ya shanye, ya lashe gefen ƙwaryar, ya yi gyatsa. Sannan ya tsuguna a bayan kicin, ya rungume tulu yana jiran duhu ya ƙara kauri ya fara gunji.

Yana jin muryar Ɗanladi a ciki yana cewa matarsa ta rage fitila. Yana jin rediyon wani gida tana karanta labaran yamma. Kwaɗi na ta kuka a fadama.

Ya kai bakinsa bakin tulu.

Kwaɗin suka yi shiru. Ba ɗaya bayan ɗaya ba, gaba ɗaya, kamar an rufe su da murfi. Rediyon ta yi ƙara-ƙara ta mutu. Iska ta tsaya.

Sai wari ya zo. Warin garke, kashin shanu ɗanye da fitsari da hayaƙin da ake yi wa shanu don sauro. Ya cika masa hanci har ya ji shi a maƙogwaro.

Barau bai yi gunji ba tukuna. Amma wani abu ya yi, can daga gindin dutse, ƙasa-ƙasa, har tulun da ke ƙirjinsa ya amsa.

Ya ce a ransa shanun ruga ne suka kwance.

Ya ji sawu. Kofato a laka, caɓ, caɓ, a hankali. Ya ji ƙaho na gogar ƙaho. Ya ji wani na ƙyasta harshe irin yadda makiyayi ke yi wa dabbarsa. Sawun ya yi yawa, ya ƙara yawa, har ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashin tafin ƙafarsa.

Ya leƙa ta gefen bango.

Suna saukowa cikin filin, kai a ƙasa, suna lasar inda ya ɗiga. Jajaye ne, ja irin na jar ƙasa. Ƙahonsu dogaye, sun fi hannun mutum biyu a miƙe. Bayansu a shafe yake.

Ba su da tozo.

Duk ƙasar nan, daga Birnin Kudu har Gwaram har Basirka, ba saniyar da ba ta da tozo. Wuri ɗaya kaɗai ya taɓa ganin irinsu: a bangon kogon dutse, ranar da aka kai su kallo suna aji ɗaya, ya zaro ƙusa ya kankara sunansa a ƙarƙashin zanen.

Suka zo inda ya karya kwana. Suka karya.

Fulawa ta kwanta. Baranda ta cika. Besfa ta faɗi, ya ji ƙarfenta na lanƙwashewa a ƙarƙashin kofato, gilashin fitilarta na farfashewa. Ƙaho na kankarar bango. A ciki Ɗanladi na karanta duk abin da ya zo bakinsa cikin raɗa, yana haɗa farkon wannan sura da ƙarshen waccan. Ba don halin da ake ciki ba, da Barau ya yi dariyar da bai taɓa yi ba.

Suka lashe ɗigon ƙarshe a ƙarƙashin taga.

Suka tsaya.

Ta gaba ta ɗaga hanci ta shaƙi iska. Ta juyo da kai. Duk suka juyo.

A bayansu akwai wani mai tsayi, sanda a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta, malfa ta rufe fuska. Bai ga ya tako ba. Sai dai ya gan shi a gabansa.

"Ina sauran?"

Murya ce kamar ana jan busasshen kara a ƙasa.

"Na zubar," Barau ya ce. Da kyar shi kansa ya ji.

"Ba ka zubar ba."

Saniyar ta matso. Ta ɗora hancinta a cikinsa, saman cibiya. Sanyi kamar randa. Ta shaƙa. Ta fito da harshe ta lashi rigarsa.

Tulu ya faɗi ya fashe. Barau ya zura da gudu, ƙwarya a hannu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Gida. Lamba tara. Ya shiga layi yana duba goshin gidaje. Sha tara. Huɗu. Ashirin da biyu. Duk fenti ɗaya, duk ƙofa ɗaya, ga duhu. Ya ga tara ya faɗa wa ƙofar da duka.

"Yaya, buɗe. Ni ne."

"Nan ba gidan yayanka ba ne," muryar malamin asibiti ta ce daga ciki. "Kai ka mai da ni tara. Je ka nemi inda ka kai tawa."

"Don Allah, Malam."

"Ka gama ɗinkin wando, ka koma aljani? Wuce."

Ya waiga. Suna bakin layi. Ba gudu suke ba. Tafiya suke irin ta saniyar da ta san inda kiwo yake.

Ya buga ƙofa ta gaba. "Barau ne, ku taimake ni."

"Mun san kai ne," wata mata ta ce. "Shi ya sa."

Ta gaba. Shiru. Ta gaba, liman ne.

"Allah ya shirye ka, Barau. Ko a irin wannan rana?"

Ya rasa layin da yake. Ya buga wata, ya ji muryar Turai, zuciyarsa ta yi sanyi.

"Turai, ni ne, buɗe."

"Yayanka ya ce ko kuka ka yi kada a buɗe. Ina tuluna?"

Numfashi ya sauka a bayan wuyansa. Mai sanyi, mai warin ciyawa.

Sun cika layin. Jikinsu na gogar bangaye, kwanon rufi na amsawa. Wani jariri ya fara kuka aka toshe masa baki. Duk inda Barau ya juya, kawunansu na juyawa. Ba fuskarsa suke kallo ba. Cikinsa suke kallo.

Nan ya gane. Shi ne ƙwaryar yanzu.

Falalen dutse.

Ya ratsa tsakanin gida biyu, ya faɗa filin, ya miƙe kudu. Ƙaya ta shiga ƙafarsa. Bai tsaya ba. Laka ta cire ɗayan takalmin. Sawu na bayansa, caɓ, caɓ, bai matso ba, bai nisanta ba.

Rafi. Dutsen na nan fari-fari a bakin ruwa.

Ya durƙusa. Ya tura yatsa a maƙogwaro.

Ba abin da ya fito.

Ƙaho biyu suka wuce ta gefen kunnuwansa, ɗaya dama ɗaya hagu.

Ya sake turawa har ya ji jini.

Madarar ta fito. Fara tas, da ɗuminta, kamar yanzu aka tatso. Ta malale a kan dutsen.

Harsuna suka sauka ta kowane gefe. Ya dunƙule, ya rufe kai. Suka lashe dutsen, suka wuce ta gefensa ɗaya bayan ɗaya suka shiga rafin. Yana jin suna sha. Ruwan ko motsi bai yi ba.

Ƙasan sanda ya sauka kusa da hannunsa.

"Bai cika ba."

"Shi ke nan abin da ke ciki. Wallahi."

"Abin da ya shiga jiki ba ya fitowa duka. Sun san ƙamshinka."

Barau bai ɗago ba.

"Alhamis," muryar ta ce.

Kwaɗi suka ci gaba da kuka. Can cikin gari aka kira isha'i.

A nan masu zuwa ɗiban yashi suka same shi da safe, rungume da ƙwarya. Suka rako shi Kwatas. Duk unguwa ta fito. Fulawa ta zama laka. Besfar Ɗanladi ta zama kamar faifai. A bayan kicin ga ƙafar bijimi guda biyu, ga fasasshen tulun Turai, ga takalmin Barau. Ba sai an kai kotu ba. Abdulsalami ya ɗauke shi da mari a gaban kowa, ya ce yau zai mai da kowace lamba gidanta kafin ya sha ruwa.

"Ba ni na taka Besfar ba," Barau ya ce. "Ku dubi sawun. Ƙafa biyu na kawo. Wannan na ɗari ne."

"To wa ya nuna musu ƙofata?" Ɗanladi ya tambaya. Idonsa ya faɗa, ko hula bai sa ba.

Inna Hapsatu ta ratso mutane da sandarta. Ta karɓi ƙwaryar ta shinshina, ta matso ta shinshina bakinsa.

"Nawa ka sha?"

"Rabi."

Ta gyaɗa kai. "Ni yatsa na tsoma, ina budurwa. Da can karɓa-karɓa ake yi a gidanmu, wannan ta kai yau, waccan ta kai wani makon. Tun ranar da na lasa ba su sake bin kowa ba sai ni. Shekara arba'in ban kwana a wani gari ba." Ta mayar masa da ƙwaryar a hannu. "In kana nan, Alhamis kaɗai za su sauko. In ka bar gari, ba su da ranar hutu."

Kun san Barau. Rana ta fito, jini ya dawo masa. Ya kafa lambobi a gaggauce, ya sa wandonsa mai faɗin ƙafa, ya ɗauki akwati, ya jefar da ƙwaryar a kwata. Ya ce saniyar da za ta bi mota har Ikko ba a haife ta ba.

Sada ya ja mota da hantsi. Barau na gaba, gwiwar hannu a taga, yana kallon duwatsun Birnin Kudu na komawa baya. Tun da suka fita gari hankalin Sada ba ya kan hanya. Yana duban madubi, yana ƙara wuta, yana sake duban madubi. Ba su kai Kwanar Huguma ba ya gangara gefen titi ya taka birki.

"Sauka."

"Me ya faru, maigida?"

"Tun da muka bar gari ƙaho nake gani a madubi. In na leƙa ba komai. In na koma madubi sun matso." Ya miƙa hannu ya buɗe masa ƙofa. "Shekara goma sha biyar ina kan hanyar nan, ban taɓa ɗaukar abin da ya fi ƙarfin mota ba. Sauka da akwatinka."

Barau ya duba madubin sau ɗaya. Ya sauka.

Da ƙafa ya dawo, akwati a ka, bai waiga ba ko sau ɗaya. Da ya iso ya shiga kwata ya tsamo ƙwaryar ya wanke.

Ranar Lahadi Inna Hapsatu ta hau motar kasuwa ta tafi Basirka wajen 'yarta. Waɗanda suka gan ta sun ce ko ɗingishi ba ta yi.

An ja wayar lantarki a Kwatas bayan shekara biyu. An ƙara gidaje, an sake fenti, waɗansu sun yi ritaya, waɗansu an yi musu canji. Filin nan yana nan yadda yake. Wandon mai faɗin ƙafa ya tsufa a cikin akwati, bai taɓa ganin teku ba. Kowace Alhamis da la'asar Barau kan je ruga ya tsaya a tatso masa, ya ɗaure bakinsa da ƙyalle don ko feshi kada ya taɓa leɓensa. Mutanen da ya raina sukan rufe tagoginsu, ƙaf, ƙaf, ƙaf, su bar shi shi kaɗai a waje.

Ɗanladi ya sayi wata Besfar. Shi ne na ƙarshe wajen rufe taga. Yakan jira sai ya hango Barau ya taho daga gindin dutse, kai a sunkuye, ƙwarya a hannu biyu.

"Shehin malami," yakan ce ta tsakanin ƙyauren, "a bi layi."

Barau yakan wuce. Taki ɗaya, ɗigo ɗaya. A bayansa laka na cewa caɓ, caɓ.